Gidan Fairbanks: yadda gidan katako ya doshi shekara 400 yana tsaye

A garin Dedham, kimanin kilomita 16 kudu maso yamma da Boston a jihar Massachusetts ta Amurka, akwai wani tsohon gida da aka rubuta 1636 a jikin bututun hayaƙinsa. Shekarar da zuriyar masu gidan suka gada daga bakin kakanni ke nan, kuma a shekarar ce aka kafa garin kansa, don haka labarin ya zauna daram, babu mai ja. Sai a farkon shekarun 2000 wasu masana daga Oxford ta Ingila suka zo suka huda ginshiƙan gidan, suka zaro ɗan siririn katako mai kaurin fensir daga kowanne, suka tafi da su suka ƙirga zobban da shekaru suka bari a cikin katakon. Katakon ya ƙaryata rubutun. An sare ɗaya daga manyan gungumen gidan a hunturun 1637 zuwa 1638, wasu kuma sai hunturun 1640 zuwa 1641. Ba yadda za a yi a kammala gida da itacen da ke tsaye a daji yana tsotsar ruwa, ke nan gidan bai kammalu kafin 1641 ba.

Shekara biyar aka rage masa, amma bai yi asara ba. Da wannan shaida ne Gidan Fairbanks ya tabbata a matsayin gidan katako mafi tsufa da ke tsaye a Arewacin Amurka cikin waɗanda aka auna shekarunsu. A lura da kalmar katako. Gine-ginen ƙasa na 'yan asalin nahiyar a Taos da Acoma, can a jihar New Mexico, sun girme shi nesa ba kusa ba, haka ma fadar gwamnonin Sifaniya da ke Santa Fe, wadda aka gina da tubalin ƙasa wajejen 1610. Abin mamakin wannan gida shi ne kayan da aka yi shi da su: abin da wuta ke so, ruwa ke ruɓarwa, ƙwari ke ci.

Mai gidan, Jonathan Fairbanks, mutumin yankin Halifax ne a Yorkshire, arewacin Ingila. Ya ƙetaro teku da matarsa Grace da 'ya'yansu a cikin guguwar ƙaurar 'yan Furitan, Kiristocin nan masu tsaurin ra'ayi da suka ɓata da cocin Ingila, waɗanda kimanin 20,000 daga cikinsu suka sauka a wannan gaɓa tsakanin 1630 da 1640. A 1637 aka karɓe shi a Dedham, aka yanka masa eka 12, rabon kowane magidanci. Ƙasar da ake yankawa kuwa tana da masu ita, ƙabilun Massachusett da Wampanoag, kuma wannan bashi bai daɗe ba aka zo karɓarsa da jini. A yaƙin da aka gwabza tsakanin 'yan asalin ƙasar da baƙin Turawa daga 1675 zuwa 1676 an ƙone kusan rabin gidajen Medfield, garin da aka ɓalle daga Dedham, kuma an kashe Jonas, ɗan Jonathan, a harin da aka kai Lancaster a Fabrairun 1676. Wutar ba ta iso gidan uban ba. Sa'a ta farko ke nan.

To, mene ne ainihin gidan katako irin wannan? Wanda ya saba da ginin tubali ko na bulo ya san bango shi ke ɗauke da rufi. In bango ya faɗi, ɗaki ya tafi. A nan ba haka ba ne. Gidan kamar dabba yake, yana da ƙashi yana da fata. Ƙashin shi ne manyan gungumen oak, wani itace mai tauri, da aka sassaƙe da gatari da gizago suka zama masu kusurwa huɗu. Ana fara shimfiɗa huɗu a kan harsashin duwatsu, su ne gindi. A kansu ake tsayar da ginshiƙai a kusurwoyi da gefen murhu. Wasu gungumen su ɗaure ginshiƙan a tsakiya, inda daɓen bene zai zauna, wasu su ɗaure su a sama, inda rufi zai hau. A tsakiyar kowane ɗaki kuma wani jibgegen gungume ya ratsa saman kai daga bango zuwa murhu, shi ke ɗauke da ƙananan katakan da ke riƙe da bene. Bango fata ne kawai. Kana iya ɓamɓare shi gaba ɗaya gidan bai motsa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake haɗa ƙasusuwan. Babu ƙusar ƙarfe a gaɓoɓin. Kafinta zai fafe rami mai kusurwa huɗu a jikin gungume ɗaya, ya fiƙe bakin ɗaya kamar harshe, ya zura harshen cikin ramin, sannan ya huda su biyun a gicciye ya buga turken itace. Akwai wata dabara a wajen hudar: ramin da ke jikin harshen ana ɗan karkatar da shi kaɗan daga na waje, ta yadda in turken ya shiga da ƙarfi sai ya janyo gungumen biyu su matse juna. Kuma da ɗanyen itace ake aikin, domin busasshen oak yana dakushe makami. Gidan na bushewa a tsaye, shekara da shekaru, katakon na tsukewa yana ɗan murɗewa yana tsagewa, gaɓoɓin na ƙara cizon juna. Tsagar da baƙo zai gani a jikin ginshiƙi ya tsorata, yawanci tun zamanin mai gidan na farko take nan.

Dalilin rashin ƙusa bai wuce tsada ba. A lokacin maƙeri ke ƙera kowace ƙusa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, sai aka bar ta don falankan bango da na daɓe. Amma tsadar ta yi wa gidan rana, don ƙarfe cikin oak mai danshi tsatsa yake yi, ruwan jikin itacen yana cin sa, shi kuwa turken itace yana kumbura yana tsukewa tare da ɗan uwansa.

Da yake gungumen da aka sassaƙe da hannu ba su taɓa zama daidai da juna, kowace gaɓa ana yanka ta ne don abokiyar zamanta ita kaɗai. Kafinta kan shimfiɗa ɓangaren gidan a ƙasa, ya gwada, ya zana, ya yanka, sannan ya sa wa kowane haɗi alama da lambobin Romawa don kada a rikice. In komai ya kammala sai a kira gayya. Maƙwabta su taru, a ɗaga ƙashin gidan da igiyoyi da sanduna, aikin watanni ya tashi tsaye cikin yini ɗaya ko biyu.

Masanin da ya fi kowa bin diddigin irin waɗannan gidaje, Abbott Lowell Cummings, ya lura da wani abu: mai gidan ɗan arewacin Ingila ne, amma salon haɗa katakon na gabashin Ingila ne, yankin da ake kira East Anglia, inda da yawa daga mutanen Dedham suka fito. Wato mai gida ya biya, kafinta kuma ya yi abin da ya koya a wajen ubangidansa. Babu wata takarda da ta faɗi haka. Hannun mutumin ne ya bar shaida a jikin gaɓoɓi, kamar yadda ake gane garin mutum daga karin harshensa.

Tsakanin ginshiƙan an saƙa sanduna aka yaɓe da laka, yadda ake yi a ƙauyukan Ingila tun da daɗewa, kuma har yau akwai ragowar wannan yaɓe a cikin bangon. A wurare da yawa a Ingila haka ake barin yaɓen a fili. A Massachusetts sanyi ya fi tsanani, iska na jifa da ruwa da ƙanƙara, yaɓe ba ya jurewa, sai aka lulluɓe shi da siraran falankai da ake tsagawa daga gungume, kowanne ya hau bakin na ƙasansa kamar ɓawon kifi, ruwa ya zame ya wuce.

Asalin gidan ƙarami ne: ɗaki biyu a ƙasa, biyu a sama, da ɗan sarari a ƙarƙashin rufi. A tsakiyarsu duka akwai wani ƙaton ginin bulo, shi ne murhu da bututun hayaƙi. Ɗakin ƙasa na ɗaya shi ne madafa, shi ne wurin cin abinci da aiki da hira. Na biyun ɗakin mutunci ne, inda gadon mai gida da uwargida da kayan daraja suke, a nan kuma ake saukar baƙo. Ƙofar shiga na kallon kudu don a samu ranar hunturu. Sa murhu a tsakiya lissafi ne: bulon kan sha zafi da rana, ya riƙa sakin ɗumi cikin dare zuwa ɗakuna huɗu. A Virginia, can kudu inda zafi ne abin gudu, a ƙarshen gida ake sa murhu don zafin ya fita waje. Rufin kuma an tsayar da shi sosai don dusar ƙanƙara ta zame, silin ya yi ƙasa don ɗumi kada ya gudu sama, tagogi ƙanana saboda gilashi daga Ingila ake kawo shi a jirgin ruwa. Jonathan da Grace da 'ya'ya shida a cikin wannan. A ma'aunin lokacin gidan mai hali ne.

An kuma tarar da tsofaffin takalma a ɓoye a lungunan gidan, da wasu alamu da aka zana kusa da murhu. Al'ada ce da suka taho da ita daga Ingila ta kare gida daga mayu da miyagun iskoki, waɗanda ake ganin ta bututun hayaƙi suke shigowa. Mutanen da suka bar ƙasarsu don tsarkake addini daga bidi'a, ga zuriyarsu na cusa takalmi a bango. Wannan kam ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba.

Mu koma kan ƙirgar da ta rage wa gidan shekaru, don ita ce ta raba tarihinsa da tatsuniya. A ƙasashen da ke da hunturu mai tsanani, itace na girma a bazara ya tsaya cik a lokacin sanyi, kowace shekara ta bar zobe ɗaya a cikin gangar jikinsa. Shekarar albarka zoben ya yi faɗi, shekarar fari ko tsananin sanyi ya yi siriri. Duk itatuwan oak na yanki ɗaya yanayi ɗaya suka sha, don haka jerin faɗi da sirantar zobbansu iri ɗaya ne, kamar zanen yatsa. Masana sukan fara da itace mai rai wanda aka san shekarar zobensa na ƙarshe, su haɗa farkonsa da ƙarshen katakon wani tsohon gini, wancan ma su haɗa shi da wanda ya girme shi, har a samu doguwar sarƙa ta ɗaruruwan shekaru. In aka kawo sabon samfur sai a riƙa jan sa a kan sarƙar har ya faɗa inda ya dace. Wani masanin taurari, A. E. Douglass na Jami'ar Arizona, shi ya kafa wannan ilimi a farkon ƙarni na 20, yana neman alaƙar baƙaƙen ɗigon da ke bayyana a fuskar rana da yanayi, sai ya ƙare da ba masu tarihi ma'auni.

Sharaɗin shi ne a samu gefen gungumen da gizago bai taɓa ba, inda ɓawo yake ko inda ya ɓamɓare. Zoben da ke ƙarƙashin ɓawo shi ne shekarar ƙarshe ta itacen, kuma daga cikarsa ko rashin cikarsa ake gane ko a hunturu aka sare shi ko a bazara. Tun da ɗanye ake aiki da shi, shekarar sara ba ta nisa da shekarar gini. Wannan dabara ba za ta yi aiki a kan azarar sorayenmu ba, domin giginya dangin dabino ce, ba ta yin zobe ko kaɗan.

Jonathan ya rasu a 1668 ya bar wa babban ɗansa John gidan, daga nan ya yi ta gangarowa har zuriya takwas, bai taɓa fita daga hannun dangi a matsayin mazauni ba sai 1904. Kowace zuriya ƙari ta yi, ba rushewa ba. An jingina wani dogon ɗaki a bayan gidan, rufin ya zarce ya gangaro har ya kusa taɓa ƙasa. A ƙarshen ƙarni na 18 zuwa wajejen 1800 aka ƙara sashe a gabas da wani a yamma, don iyali fiye da ɗaya su zauna. Amfanin gida mai ƙashi ke nan: a buɗe fata, a jona sabon ƙashi. Bangon waje na da ya koma bangon ciki, kuma ta haka ne wasu falankan asali suka tsira daga ruwa da rana har yau.

Sai 1801. A watan Mayu aka tarar da wata budurwa 'yar shekara 18, Elizabeth Fales, da raunukan wuƙa a wata makiyaya, ta mutu. Saurayinta Jason Fairbanks, ɗan gidan, wanda hannunsa na dama ya sandare tun yana yaro, shi ma jina-jina, ya ce ita ta kashe kanta shi kuma ya yi yunƙurin bin ta. Dangi suka ɗauko manyan lauyoyin Boston, ciki har da Harrison Gray Otis. Kotu ba ta yarda ba, ta yanke masa hukuncin kisa. Aka taimaka masa ya tsere daga kurkuku, aka kamo shi a bakin tafkin Champlain yana shirin shiga Kanada, aka rataye shi a Dedham ranar 10 ga Satumba. Bayan wannan arzikin gidan bai sake komawa yadda yake ba. Gonaki suka riƙa raguwa, kuma a mafi yawan ƙarni na 19 mata ne marasa aure ke zaune a ciki: 'yan'uwa uku, Prudence da Sally da Nancy, sannan Rebecca, wadda ita ce ta ƙarshe.

A nan ne nake ganin sirrin gidan yake. Ƙarni na 19 shi ne lokacin da Amurka ta yi kuɗi, kuma duk mai kuɗi ya gyara gidansa ko ya rushe ya sake. Injin yanka ƙusa ya karya farashinta, injin zarto ya fara fitar da siraran katakai masu awo ɗaya, kuma a Chicago a shekarun 1830 aka fara gina gida da waɗannan siraran katakai da ƙusa kawai, aikin da mutum biyu za su yi ba tare da gwanin kafinta ko gayya ba. Jikan wannan salo ne ake gina yawancin gidajen Amurka da shi yau. Tsofaffin gidaje suka zama abin kunya. Aka rushe manyan murahunsu don a samu fili, aka faɗaɗa tagogi, aka ɗaga rufi. Matan gidan Fairbanks ba su da kuɗin yin wannan duka. Har Rebecca ta fita ba a ja wa gidan famfo ba, ba a sa masa lantarki ba. Sun dai riƙe abu ɗaya da gidan katako ba ya rayuwa sai da shi: akwai mutum a ciki da zai ga ɗigon ruwa ya toshe. Wani hanin ga Allah baiwa ne, ko da yake ban ce matan da suka sha sanyin ɗakunan sun ɗauke shi haka ba.

A kwatanta da gidan Paul Revere a Boston, wanda aka gina wajejen 1680 bayan wata gobara da ta ci unguwar a 1676. Revere, gwarzon yaƙin neman 'yancin Amurka, ya mallake shi daga 1770 zuwa 1800. Daga baya ya zama gidan haya na baƙin haure da shaguna. Da aka tashi ceto shi, mai zanen gini Joseph Chandler ya cire ƙarin da aka yi masa a sama, ya mayar da fuskarsa yadda ya hasasho take a 1680, aka buɗe shi ga jama'a a 1908. Ya yi kyau, ya yi tsaf. Amma fuskar da mai yawon buɗe ido ke gani ba ita ce wadda Revere ya sani ba, kuma abu mai yawa na jikinsa aikin ƙarni na 20 ne. Gidan Fairbanks kuwa rufinsa ya lotsa, daɓensa ya karkace, ƙofofinsa sun kauce wa layi, sassansa kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ni dai da za a ba ni zaɓi, karkataccen zan shiga, domin a cikinsa ana iya sa yatsa a kan sawun gizagon 1641.

Ya kusa tafiya duk da haka. A shekarun 1890 Rebecca ta sayar da shi, aka shiga fargabar rushewa, sai wata mata mai hali daga gidan Codman na Boston da 'yarta suka saya don su tsare shi, suka bar Rebecca a ciki. A lokacin zuriyar Jonathan ta bazu ko'ina a Amurka, wasu sun yi suna: Thaddeus Fairbanks na Vermont, wanda ya ƙera sikelin awon manyan kaya wajejen 1830, da Charles W. Fairbanks, mataimakin shugaban ƙasa a zamanin Theodore Roosevelt daga 1905 zuwa 1909, wanda birnin Fairbanks na Alaska ya ci sunansa. Dangin suka kafa ƙungiya, suka karɓi gidan a 1904, suka mayar da shi gidan tarihi. A 1960 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Har yau ƙungiyar dangin ce ke riƙe da shi, kuma duk shekara sukan taru a harabarsa.

Aikin masu kula da shi ba mai ƙarewa ba ne, kuma abokin gabar bai canza ba. Gara ba ta da ƙarfi a can kamar a ƙasashen zafi, amma akwai ƙananan ƙwari masu huda katako su mayar da cikinsa gari, kuma danshi suke bi. Ruwa kan fara cin gungumen gindi, waɗanda suka fi kusa da ƙasa. In sun ruɓe ginshiƙi ya nutse, gaɓoɓin sama su buɗe, sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Matsalar ita ce duk gungumen da aka cire aka sa sabo, gidan ya ƙara ƙarfi amma ya rage tsufa, kuma tsufan ake zuwa gani. Saboda haka ƙa'idar masu gyaran irin waɗannan gidaje ita ce a yanke iya inda ya ruɓe kawai, a jona sabon oak da irin haɗin da kafintan farko zai gane, a rubuta abin da aka yi don na baya kada ya ɗauki sabo a matsayin tsoho. Daga watan Mayu zuwa Oktoba ake karɓar baƙi. In hunturu ya shigo sai a rufe ƙofa, a bar gidan da sanyinsa.